Haɗa Rikodar Ril da Miksa a Situdiyo

Mutum iri biyu ne ke neman rikodar ril a yau. Akwai mai tsohon zare a ajiye: ma'aikacin gidan rediyo, ko mai kula da taskar jami'a, ko wanda ya gaji kwalaye daga mahaifinsa, yana so ya kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta tun bai lalace ba. Da irin wannan na'ura gidajen rediyo suka yi aiki shekara da shekaru, har da na Kaduna da aka buɗe a 1962, shi ya sa muryoyin mawaƙa da malamai da 'yan siyasa masu yawa suke kan zare har yanzu. Akwai kuma mai situdiyo da ya ji yadda zare ke tausasa kiɗa, ya sayo Revox ko Otari ko Studer ta hannu, yana so ya haɗa ta da miksarsa.

Dukansu aiki ɗaya ke gabansu, kuma jona wayoyi ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne a sa rikoda da miksa su yarda da awo ɗaya. In mudun mai saye ya bambanta da na mai sayarwa, kowa zai rantse ya auna daidai, amma hatsi ba zai cika ba. Sifilin mitar miksa da sifilin mitar rikoda da ƙarfin maganaɗisun da ke sauka kan zare, sai ukun nan sun zama abu guda kafin a ce an haɗa.

Wuta da wurin zama

Kada ka soka filogi sai ka karanta farantin da ke bayan na'urar. Wutarmu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, mai bugu 60. Yawancin Studer da Revox suna da maɓallin zaɓen bolt a baya, sai ka tabbata yana kan namu. Wadda aka ƙera don Amurka kaɗai tana buƙatar taransifoma mai rage wuta, amma taransifoma bolt kawai take gyarawa, ba ta taɓa bugun. Tsofaffin na'urori irin su Ampex 350 da 351 motarsu bugun wuta take bi wajen gudu, don haka a nan za su ja zare da jinkirin kashi ɗaya cikin shida. Muryar mace sai ta yi kauri, waƙa ta yi nauyi. Abin da ke ɓoye wannan aibi shi ne, in a kanta ka ɗauka kuma a kanta ka saurara, ba za ka ji komai ba, sai ranar da ka kai zaren wani wuri. Na'urorin baya-bayan nan, irin su Revox B77 da Studer A807, suna daidaita gudunsu da kansu.

Ƙaramin janareta ba abokin wannan aiki ba ne, don bugunsa hawa da sauka yake yi gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Inbata mai tsabtatacciyar wuta ta fi, da sitabilaiza a gaba. Rikoda da miksa da lasifika da kwamfuta duk su sha daga soket ɗaya mai wayar ƙasa ta gaske. Firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki su nemi nasu layin.

Ka nisanta rikoda da zaruruwa daga lasifika da taransifoma, saboda maganaɗisun da ke cikinsu. Ka ɗinka mata mayafi, musamman don lokacin hunturu. Ƙurar da ke sauka kan zare ita ke bi ta kan hed, wato kan da zare ke gogawa wajen ɗauka da karantawa, tana cinye shi sannu a hankali.

San na'urarka, san zarenka

Abu huɗu za ka sani: faɗin zare, yawan layi, gudu, da tsarin gyaran sauti. Zaren gidan rediyo galibi rubu'in inci ne. Na situdiyon kiɗa mai layi 8 ko 16 ko 24 yakan kai rabin inci, inci 1 ko inci 2. A kan rubu'in incin ma akwai mai layi ɗaya da ya cika faɗin zaren, akwai mai layi biyu, akwai mai layi huɗu na gida wanda ake juyawa a ɗauki ɗaya gefen. In ka ɗora mai layi huɗu a na'ura mai layi biyu, za ka ji gefen biyu a tare, ɗaya yana magana da baya-baya.

Gudu kuwa inci 3¾, 7½, 15 ko 30 ne a daƙiƙa. Magana ta wadatu da 7½, kiɗa ya fi son 15. Babban faifai mai inci 10½ da ke ɗauke da zare ƙafa 2,500 minti 33 zai ba ka a gudun 15, don haka ka yi lissafin zarenka kafin makaɗa su zauna.

Na huɗun shi ne wanda aka fi mantawa. Kowace rikoda tana gyara sauti yayin ɗauka, ta warware gyaran yayin saurare, kuma tsari biyu ne suka fi yawa a duniya: NAB na Amurka da IEC na Turai, wanda tsofaffin kwalaye ke rubutawa CCIR. A gudun 15, zaren IEC da aka saurara da NAB zai yi kaifi fiye da kima, kaurinsa kuma ya ragu. Ka duba kwalin zaren, ka duba maɓallin na'urar, su dace.

Wanka kafin komai

Zare yana bin hed uku: mai sharewa, mai ɗauka, mai karantawa. Ka samu tsinken auduga da sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 99, ka goge su ɗaya bayan ɗaya, ka goge duk ƙarfen da zare ke gogawa, har sandar da ke jan sa, sai auduga ta fito fara. Tayar roba da ke matse zare da sandar, a goge ta da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa, don sifirit yana busar da roba. In tayar ta yi santsi kamar gilashi ko ta fara narkewa tana kama yatsa, canza ta. Babu saitin da zai gyara rawar murya da mugunyar taya ke kawowa.

Daga nan sai cire maganaɗisun da ya taru a hed, da ƙaramar na'urar da aka yi don haka. Rikoda a kashe, zaruruwa nesa. Ka kunna na'urar tun kana nesa da kamar mita ɗaya, ka matso a hankali, ka bi gaban kowane hed ba tare da ƙarfe ya taɓa shi ba, ka ja da baya a hankali, sai ka yi nisa sannan ka kashe. In ka kashe ta a kusa, ka ƙara maganaɗisu maimakon ka cire. Hed mai maganaɗisu yana ƙara huci, yana kuma share kaifin duk zaren da ya bi ta kansa, sharewar da ba ta dawowa.

Wayoyi

Kayan sauti gida biyu ne wajen ƙarfin sigina. Na ƙwararru suna aiki a +4 dBu, wato bolt 1.23. Na gida da na ƙananan situdiyo suna aiki a -10 dBV, wato bolt 0.316. Tazarar kusan desibel 12 ce. Alamar farko ita ce bakin jona: mai ƙafa uku na XLR galibi +4 ne, ɗan ƙaramin RCA kuwa -10. Studer A807 da Otari MX-5050 suna da XLR, Revox B77 da Tascam 38 suna da RCA. In miksa mai +4 ta tura wa rikoda mai -10 kai tsaye, sauti zai fashe tun allurar miksa ba ta kai ko'ina ba. In aka juya, sauti zai zo a raunane, ka ɗaga shi, huci ya biyo. Miksoshi da yawa suna da bakin RCA na musamman don rikoda, wasu suna da maɓallin sauya ƙarfi. In babu ko ɗaya, akwai ɗan akwatin da ke daidaita su, kuma ya cancanci kuɗinsa. Wayar RCA kada ta wuce mita 3, don ba ta da kariya daga gurnanin wuta irin ta XLR.

A XLR ɗin ma akwai tarko. Ƙa'idar yau ita ce ƙafa ta 1 ƙasa, ta 2 mai sigina, ta 3 kishiyarta. Amma tsofaffin na'urori da dama, har da wasu na Ampex da Otari, ƙafa ta 3 ce mai sigina. In duk layukan sun juye tare, da wuya kunne ya kama. In ɗaya ya juye ɗaya bai juye ba, murya za ta ɓace daga tsakiya da zarar an haɗa hagu da dama, kamar yadda rediyon hannu ke yi. Ka karanta littafin na'urar, ka haɗa wayoyin iri ɗaya.

Hanya biyu za ka shimfiɗa, ta tafiya da ta dawowa. Ga rikoda mai layi biyu, babban mafitar miksa, hagu da dama, ta shiga LINE IN na rikoda. LINE OUT na rikoda ya dawo bakin miksa da aka rubuta 2-TRACK ko TAPE IN, wanda ke zuwa lasifika kaɗai. Kada ka taɓa soka mafitar rikoda a bakin makirufo. Ƙarfin ya yi masa yawa, kuma in wutar bolt 48 ta makirufo tana kunne, tana iya ƙona mafitar rikodar.

Me ya sa na nace dawowa ta bi ta bakin saurare? Domin in ka dawo da ita ta layin miksa na yau da kullum, ka kuma tura layin zuwa babban mafita, ka yi zobe: miksa na ba rikoda, rikoda na ba miksa. Da ka danna maɓallin INPUT na rikoda, mai fitar da abin da ke shigarta, ƙara za ta tashi wadda ke iya fasa lasifika da kunne. In dole sai ta layi za ta dawo, to cire wayar tafiya gaba ɗaya.

Ga mai layi 8 zuwa sama, kowane mafitar rukuni ko mafitar layi ta kai tsaye tana zuwa layin rikoda mai lambarta, kowace dawowa kuma ta shiga bakin TAPE na layin miksa mai lambar. Rubuta lamba a kan kowace waya, kai da gindi. In ka gama ka ji gurnani, cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai kawo shi, sannan ka yanke garkuwar wannan wayar a gefen shiga kaɗai, in XLR ce. Wayar ƙasa ta filogin wuta kuwa ba a cire ta ko da gurnanin zai tafi, don ita ce tsakanin mai aiki da jan wuta.

Daidaita awo

A nan aikin yake, kuma jerinsa ba ya sauyawa: miksa, sannan karantawa, sannan ɗauka. Dalili kuwa, ɓangaren karantawa shi ne idon da za ka duba ɗauka da shi. In idon bai daidaita ba, duk abin da ka saita bayansa karkatacce ne. Ka bar na'urar a kunne kamar rabin awa kafin ka fara.

Kunna sautin gwaji na miksa mai bugu 1,000 a daƙiƙa, ka ɗaga shi har mitar miksa ta tsaya a 0. In kana da mitar auna wuta, ka auna tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, ka ga bolt 1.23. Yanzu ka san sifilin miksarka na gaskiya ne.

Karantawa tana buƙatar zaren gwaji, wanda aka ɗauki sautuka a kansa da ƙarfi sananne. Kamfanin MRL na Amurka ya yi suna wajen yin sa. Ka sayi wanda ya dace da faɗi da gudu da tsarin na'urarka. Ƙarfin maganaɗisu a kan zare da nanoweba ake auna shi: 185 shi ne tsohon awon Ampex, 250 ya ɗara shi da desibel 3, 355 da desibel 6, Turai kuma ta saba da 320. Zaren zamani irin SM911, wanda kamfanin RTM ke yi a Faransa, yana ɗaukar 355 lafiya. In zaren gwajinka 250 ne kuma a 250 kake son aiki, ka saurari sautin 1,000 a REPRO, wato ta hed mai karantawa, ka murɗa saitin ƙarfin karantawa har allura ta zauna a 0. In 355 kake so, ka tsayar da ita a -3. Shawarata ga mai tsohuwar na'ura ita ce ya zauna a 250. Hucin zai ɗan fi, amma na'urar ba za ta wahala wajen sharewa ba.

Sai miƙewar hed. Tsagar da ke fuskar hed dole ta tsaya cak a kan zare, ba ta jingina hagu ko dama ba. Akwai ɗan sukuru guda a gefen hed da ke karkata shi. Ka gane shi daga littafi kafin ka taɓa, don sauran sukurorin na tsawo ne da na kwanciya, kuma in ka motsa su sai an kira gwani. Saurari sautin 10,000, ka haɗa hagu da dama su zama ɗaya a miksa, ka murɗa kaɗan-kaɗan da sukudireba marar maganaɗisu har allura ta kai ƙololuwa. Akwai ƙananan ƙololuwa na ƙarya a gefe da gefe, don haka ka tabbatar da sautin 16,000. Daga nan ka saita kaifin karantawa, sautin 10,000 ya zo daidai da na 1,000, ka sake duba na 1,000 ɗin. Naɗe zaren gwaji ka ajiye. Muddin yana kan na'ura, maɓallan ɗauka su kasance a SAFE.

Ɗora sabon zare irin wanda za ka yi aiki da shi. Tura sautin 10,000 daga miksa, ka danna ɗauka kana saurare a REPRO, ka miƙar da hed mai ɗauka kamar yadda ka yi wa na karantawa. Sannan bayas. Wannan wani sigina ne mai bugu wajen 100,000 ko fiye a daƙiƙa da ake cakuɗawa da sauti don zare ya karɓe shi ba tare da ya gurɓata ba. Injiniyan rediyon Jamus Walter Weber ya sake gano amfaninsa a 1940, kuma shi ya fitar da zare daga abin gwaji zuwa abin da ake ɗaukar kiɗa da shi. Ka rage bayas, ka ɗaga a hankali, allura za ta hau har ta kai ƙololuwa. Kada ka tsaya nan. Ci gaba da ɗagawa har ta sauko da adadin da kamfanin zaren ya rubuta. Ga SM911 ko Ampex 456 a gudun 15, abin yakan kama wajen desibel 3, amma ya danganta da irin hed, don haka takardar kamfani ce alƙali. Bayas kaɗan yana kawo kaifi mai tsatsa, mai yawa yana dushe sauti. Duk ranar da ka canza irin zare, sai ka sake shi.

Yanzu tura 1,000 a sifilin miksa, kana ɗauka, ka saita ƙarfin ɗauka har REPRO ya nuna 0. Koma INPUT, shi ma ya nuna 0. Tura 10,000 ka saita kaifin ɗauka. Tura 100 ka saita kaurin karantawa, wanda ya fi kyau a yi shi a nan, don zaren gwaji mai cika faɗi yakan nuna kauri fiye da gaskiya a hed mai layi biyu. A gudun 7½ duk gwajin sautuka masu kaifi a -10 ake yi, saboda zare ba ya ɗaukar su da cikakken ƙarfi a wannan gudu. Gwajin ƙarshe kunne ne: sa waƙar da ka sani, kana ɗauka, ka riƙa sauyawa tsakanin INPUT da REPRO. In an yi daidai, ƙarfi ɗaya za ka ji, sai ɗan jinkiri da ɗan huci.

Wanda bai samu zaren gwaji ba, kada ya taɓa saitin karantawa ko hed ɗinsa. Ya bar su yadda ya same su, ya yi bayas da ƙarfin ɗauka kawai. Ba cikakken aiki ba ne, amma ya fi murɗe-murɗe a makance.

Lokacin ɗauka

Jinkirin nan na REPRO daga tazarar hed biyu yake, wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a gudun 15. Injiniya zai iya saurarensa don ya ji abin da ya sauka kan zare, amma mawaƙi INPUT ake ba shi, in ba haka ba harshensa zai sarƙe. A na'ura mai layi da yawa, in za a ɗora murya kan kiɗan da aka riga aka ɗauka, tsofaffin layukan a SYNC ake saurarensu, wato ta hed mai ɗauka, don sabo da tsoho su zauna wuri ɗaya.

Allurar VU, wato ta mitar rikoda, tana da nawa, kusan sulusin daƙiƙa take ɗauka kafin ta kai inda za ta. Murya da goge da algaita tana bin su daidai. Kalangu da ganga da tafi kuwa sun buga sun wuce kafin ta motsa, kuma ainihin bugun yana iya ɗara abin da ta nuna da desibel 10 ko fiye. Don haka kayan bugu a bar su wajen -7 zuwa -5. Ɗan matsa wa zare yana ba ganga wani taushi da mutane ke so, amma da niyya ake yin sa, ana saurare a REPRO.

A farkon kowane faifai ka ɗauki sautin 1,000 da 10,000 da 100, daƙiƙa 30 kowanne, ka rubuta a kwali gudu da tsari da awon da ka yi aiki da shi. In an gama, kada ka mayar da zare farko. Bar shi ya naɗe a gudun saurare har ƙarshe, ka ajiye shi haka a tsaye, wuri mai sanyi marar danshi. Naɗin ya fi lafewa, kuma amon da ke ratsawa daga zagaye zuwa zagaye zai biyo bayan sauti maimakon ya riga shi.

Tsohon zare

Kafin ka ɗora tsohon zare, duba shi. Wasu na shekarun 1970 da 1980, irin su Ampex 406 da 456, ƙaron da ke riƙe maganaɗisunsu yana shan danshi ya zama danƙo. Alamarsa ƙara mai tsini yayin tafiya, da baƙin datti da ke taruwa a hed cikin ɗan lokaci. Da ka ga haka, tsaya, domin abin da ke gogewa shi ne sautin kansa. Maganinsa gashi a zafi marar hawa da sauka, wajen digiri 50 zuwa 54, na awoyi masu yawa, a na'urar busar da abinci ko ta ɗakin gwaji mai awon zafi. Ba a yin sa a murhun gas, ba a shanya shi a rana. In ya huce sai a kwashe shi cikin 'yan kwanaki, don danƙon yana dawowa. Zaren da ya girme su, na asitet, ba a gasa shi sam. Ana gane shi in an ɗaga faifan ga haske, hasken ya ratso ta gefe, wani lokaci kuma yana warin tsami. Shi tsinkewa yake yi, sai a ja shi a hankali, a gyara tsofaffin haɗi da salatif ɗin zare na musamman.

Wajen kwashewa, hed mai karantawa zaren yake bi ko da na'urar da ta ɗauke shi a karkace take. Haɗa hagu da dama, ka murɗa sukurun miƙewa har shin da sin na mai magana su fito tar, ka kwashe, in ka gama ka mayar da hed da zaren gwaji. Mafitar rikoda ta tafi katin sautin kwamfuta ta hanya mafi gajarta, ba tare da wani gyaran miksa ba, sifilin VU ya zauna a -18 na mitar kwamfuta. Ɗauki fayil na WAV a 96 kHz da bit 24, irin wanda taskokin sauti ke ajiyewa, ka yi duk wani gyara a kan kwafi. Ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya ka ajiye tare da fayil ɗin, domin sau da yawa sunan mawaƙi da ranar ɗauka a jikin kwalin kaɗai suke.